'Yan Taru: Ƙungiyar Matan Karkara da Nana Asma'u Ta Kafa

A tsakiyar ƙarni na 19, idan damina ta ɗauke hanyoyi suka bushe, akan ga ayarin mata sun taso daga ƙauyuka a ƙafa, sun nufi Sakkwato. A gabansu akwai dattijuwa sanye da malfa wadda aka naɗe da jan rawani, ita ce jaji. A bayanta kuwa tsofaffi ne da 'yan mata, kowacce ɗauke da ɗan abin da ya sawwaƙa: hatsi, zuma, man shanu ko zane. Gidan Waziri Giɗaɗo suka dosa, wurin maiɗakinsa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Waɗannan su ne 'Yan Taru, ƙungiyar da ta yi wa matan karkara hidima tun kafin a san rajista ko ofis a ƙasar Hausa.

An haifi Asma'u a Ɗegel a 1793, a gidan da karatun mace ba baƙon abu ba ne. Mahaifinta ya yi kakkausar suka a littafinsa Nurul Albabi ga malaman da ke karantar da ɗaliban waje alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun kai. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta girma ta haddace Alƙur'ani, tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Abin da ya haifi ƙungiyar shi ne halin da yaƙi ya bar mata a ciki. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya har zuwa na Gawakuke a 1836, garuruwan Daular Sakkwato sun cika da zawarawa da marayu da matan da aka kamo daga Gobir da maƙwabtanta. Da yawansu sun taso ne a ƙarƙashin Inna, babbar mace a sarautar Gobir wadda ke shugabantar 'yan bori. Wurin bori suke zuwa idan ciwo ya zo, ko haihuwa ta yi gardama, ko baƙin ciki ya yi yawa. Haramta bori da baki abu ne mai sauƙi. Amma matar da aka raba da garinsu da danginta tana buƙatar wurin da za ta kai kukanta, kuma Asma'u ta gane haka. Don haka tsakanin shekarun 1830 zuwa 1840 ta shiga naɗa jajoji. Malfar da take ɗora musu irin wadda Inna ke sanyawa ce, alamar da matan suka riga suka sani suke kuma girmamawa.

A ganina, basirar tsarin tana ga yadda ya lura da rayuwar mambobinsa. Matar aure mai goyo ba ta da halin barin ɗakinta ta yi tafiyar kwanaki. Sai aka ɗauke mata wannan nauyi: masu tafiya su ne 'yan matan da ba a aurar ba tukuna da dattijan da suka wuce haihuwa. Su za su je su zauna gaban Nana su ɗauki karatu, su dawo gida, jaji ta bi gida-gida tana isar wa waɗanda ke cikin kulle. Ba mijin da aka nemi ya sauya tsarin gidansa, ba kuma matar da aka bari a baya saboda aure.

Karatun kansa a waƙe aka shirya shi, domin yawancin ɗaliban ba su iya karanta rubutu ba. Waƙa kuwa tana zama a ka, mace na iya rera ta tana kaɗi ko tana daka. Asma'u ta tsara Sunago, wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani. Ta mayar da waƙar mahaifinta zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa. Ta yi Godaben Gaskiya a kan wa'azi da tuna lahira, ta kuma yi Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta lissafo salihan matan Musulunci tun daga iyalan gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har zuwa matan zamaninta. Ashe ke nan baiwar Allah da ke can ƙauye za ta ji sunan mace irinta a cikin jerin waliyyai. Zaɓen Hausa ma ba a banza aka yi shi ba, domin shi ne harshen akasarin matan da ake son kaiwa gare su, alhali malaman gidan Shehu sun fi sabawa da Larabci da Fulatanci.

Hidimar ba ta tsaya ga alwala da salla ba. Jajoji da almajiransu su ne masu wankan gawar mata, masu tsayawa a kan mai naƙuda, masu duba marar lafiya, masu sasanta rigimar cikin gida. Kayan sadakar da ayari ke kawowa Asma'u takan raba su ga mabuƙata. Mun san darajar da ta ba waɗannan mata daga marsiyyoyin da ta rubuta. Ta yi wa sarakuna da malamai, ciki har da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a Wurno a 1837, amma ta yi wa jaji Hauwa'u, ta kuma yi wa Zaharatu, wadda aka sani da taimakon masu haihuwa da suturta mamata. Ba don alƙalaminta ba, da ba wanda zai san an yi su a duniya.

Da Allah Ya yi wa Asma'u rasuwa a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, ƙungiyar ba ta bi ta kabari ba. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta karɓi jagoranci, bayanta kuma Ta Modi. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, daga baya suka buɗe makarantun 'yan mata na boko a Arewa tun daga 1930, ba tare da sun gina a kan abin da suka tarar ba. 'Yan Taru dai suka ci gaba da zuwa ziyara da ɗaukar karatu.

Marubuciya Jean Boyd, wadda ta daɗe a Sakkwato, ita ta bi diddigin wannan tarihi da taimakon Waziri Junaidu, wanda rubuce-rubucen Asma'u, kakar mahaifinsa, ke adane a hannunsa a lokacin. Ta wallafa tarihin rayuwar Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta a littafi guda a 1997. Yau akwai makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai masu sunan Nana Asma'u, har a Jami'ar Bayero ta Kano.

Sai dai jajojin kansu, kaɗan ne daga cikinsu aka rubuta sunayensu. Muna kira ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu da su tura ɗalibai, musamman mata, ƙauyukan Sakkwato da Kebbi da Zamfara su zauna da tsofaffin da suka gaji wannan karatu, su naɗi muryoyinsu, su rubuta wadda ta karantar da kowacce da garin da ta fito.