BABI NA BIYU: TARIHIN SHARUƊƊAN CANCANTAR ƊALIBAN SAKANDARE A WASANNIN JAMI'O'IN AMURKA

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan manufar wannan bincike da farfajiyarsa. A wannan babi kuwa za a bi diddigin yadda aka samar da sharuɗɗan da ɗalibin sakandare a ƙasar Amurka yake cikawa kafin a yarda ya yi wa wata jami'a wasa, da kuma dokokin da suka shafi yadda jami'o'i suke zawarcin irin waɗannan ɗalibai. Lamarin yana da muhimmanci domin a Amurka jami'a ita ce babbar hanyar da matashi yake bi ya zama ƙwararren ɗan wasa, musamman a ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Ga 'ya'yan talakawa da yawa kuma, tallafin karatu na wasanni shi ne kaɗai ƙofar shiga jami'a. Tambayoyi uku ne suka yi ta maimaita kansu a wannan tarihi, wato shin ɗan wasan ɗalibi ne na gaskiya, shin ana biyansa kuɗi, kuma wane ne yake da ikon yanke hukunci a kansa.

2.1 Zamanin da Babu Doka (1852 zuwa 1905)

Gasa ta farko tsakanin jami'o'i biyu a Amurka ita ce tseren kwale-kwale da aka yi tsakanin Harvard da Yale a shekarar 1852 a tafkin Winnipesaukee da ke jihar New Hampshire. Wani kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyin gasar domin ya tallata hanyarsa, wanda hakan yake nuna cewa tun ranar farko kasuwanci yana cikin harkar. A shekarar 1869 kuma Rutgers da Princeton suka buga wasan ƙwallon ƙafa na farko tsakanin jami'o'i.

A wannan zamani ɗalibai ne da kansu, tare da tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni, suke tafiyar da wasanni. Babu wata hukuma da take tantance wanda ya cancanci shiga fili. Saboda haka aka sami 'yan wasa masu yawo daga wannan jami'a zuwa waccan tamkar 'yan ci-rani. Alal misali, a shekarar 1896 Fielding Yost, wanda yake yi wa jami'ar West Virginia wasa, ya koma kwalejin Lafayette ana tsakiyar kakar wasa, ya taimaka mata ta doke jami'ar Pennsylvania, sa'an nan ya koma inda ya fito. Yunƙuri na farko mai ƙarfi na magance irin wannan shi ne taron da shugabannin jami'o'i bakwai suka yi a birnin Chicago a watan Janairu na 1895, inda suka amince cewa ɗalibi na haƙiƙa wanda ba a bin sa bashin karatu shi kaɗai zai riƙa wasa. Wannan taro shi ne tushen ƙungiyar da daga baya aka sani da Big Ten.

2.2 Kafuwar NCAA da Zuwan Tallafin Karatu (1906 zuwa 1964)

A shekarar 1905 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu a filayen ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Shugaban ƙasa Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton zuwa fadar White House, daga bisani kuma wakilan makarantu 62 suka hallara a New York a watan Disamba, suka kafa ƙungiyar da ta fara aiki a 1906, wadda a 1910 aka sauya mata suna zuwa NCAA. Sai dai a shekarunta na farko shawara kawai take bayarwa, kowace jami'a ita ce mai hukunta kanta. Rahoton da Gidauniyar Carnegie ta fitar a 1929 a ƙarƙashin jagorancin Howard Savage ya nuna cewa mafi yawan makarantun da aka bincika suna ba 'yan wasa kuɗi ko aikin je-ka-na-yi-ka a ɓoye.

A shekarar 1948 ƙungiyar ta kafa dokar da aka yi wa laƙabi da Dokar Hankali, wadda ta ce ba za a ba ɗan wasa tallafi ba sai bisa buƙata ko hazaƙar karatu, kamar kowane ɗalibi. Raunin dokar shi ne hukunci ɗaya tak ta tanada, wato kora daga ƙungiyar. Da aka nemi korar makarantu bakwai a 1950, ba a sami kashi biyu cikin uku na ƙuri'un da ake buƙata ba, don haka aka soke dokar a 1951. A wannan shekara ce aka naɗa Walter Byers babban darakta na farko, wanda ya kafa sashen bincike da hukunci. A 1956 sai ƙungiyar ta halatta abin da ta kasa hanawa, wato ba ɗalibi tallafin karatu saboda iya wasansa. Tallafin ya ƙunshi kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai da dala 15 a wata ta wanki.

Halatta tallafin ya ƙara zafafa zawarci, har yaro ɗaya kan yi wa jami'o'i da dama alkawari. Domin kawo ƙarshen wannan aka ƙirƙiro takardar alkawari ta ƙasa a 1964. Da zarar ɗalibi ya sa hannu a kanta, sauran jami'o'in da suke cikin yarjejeniyar dole su janye daga nemansa.

2.3 Ma'aunin Karatu na Farko (1965 zuwa 1982)

A shekarar 1965 ne aka fara kafa ma'aunin karatu na bai-ɗaya. A tsarin Amurka ana auna ƙoƙarin ɗalibi da matsakaicin maki wanda ƙololuwarsa 4.0 ce. Dokar ta ce sai an haɗa sakamakon ɗalibi na sakandare da na jarrabawar share fagen shiga jami'a, wato SAT ko ACT, an yi hasashen zai iya samun 1.6 a shekararsa ta farko. An soke wannan doka a 1973, aka maye gurbinta da sharaɗi mai sauƙi, wato ɗalibi ya gama sakandare da matsakaicin maki 2.0 a kowane irin darussa. Shekara guda kafin nan, a 1972, an yarda 'yan ajin farko su riƙa buga manyan wasannin ƙwallon kwando da ƙwallon ƙafa, kuma a wannan shekarar ce majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar ilimi mai ɗauke da sashe na 9 wanda ya haramta nuna bambancin jinsi, abin da ya buɗe wa 'yan mata ƙofar tallafin wasanni. A 1973 kuma aka raba makarantun NCAA rukuni uku. Rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasanni ko kaɗan.

Sassaucin 1973 ya haifar da abin kunya. Wasu makarantun sakandare sukan cika wa ɗan wasa jadawali da darussa marasa nauyi domin ya tsallake. A 1982 labarin Kevin Ross ya bazu a ƙasar, wanda ya yi shekara huɗu yana yi wa jami'ar Creighton ƙwallon kwando, amma ya koma wata makarantar yara a Chicago domin ya koyi karatu da rubutu.

2.4 Ƙuduri na 48 da Taƙaddamar Launin Fata (1983 zuwa 1999)

Wannan shi ne zango mafi zafi a tarihin. A watan Janairu na 1983, bisa matsin lambar shugabannin jami'o'i, NCAA ta amince da Ƙuduri na 48 wanda ya fara aiki a 1986. Ƙudurin ya buƙaci ɗalibi ya sami matsakaicin maki 2.0 a darussan tushe guda 11, da maki 700 cikin 1600 a SAT ko 15 a ACT. Wanda ya gaza ba zai yi wasa a shekararsa ta farko ba, kuma ya yi asarar shekara ɗaya cikin huɗun da yake da su.

Shugabannin jami'o'in baƙar fata, irin su Joseph Johnson na Grambling da Jesse Stone na jami'ar Southern, sun yi adawa da ƙudurin. Hujjarsu ita ce ba a shawarce su ba, kuma jarrabawar tana auna irin makarantar da yaro ya fito da arzikin iyayensa fiye da basirarsa, alhali makarantun unguwannin baƙar fata su ne suka fi ƙarancin malamai da kayan aiki. Amma ba duk baƙar fata ne suke da wannan ra'ayi ba. Masanin zamantakewa Harry Edwards da ɗan wasan tanis Arthur Ashe suna ganin cewa sassauta wa yaro ma'auni raina shi ne, kuma idan aka ɗaga ma'aunin yara za su tashi tsaye su kai gare shi.

Rikicin ya ƙara tsananta a 1989 da aka zartar da Ƙuduri na 42, wanda ya hana tallafi ga ɗalibin da ya cika wani ɓangare na sharuɗɗan kawai. Ma'anar wannan ita ce yaron talaka ba zai ma iya shiga jami'ar ba. A ranar 14 ga Janairu, 1989, John Thompson, kocin ƙwallon kwando na jami'ar Georgetown, ya fice daga fili kafin a fara wasa da Boston College domin nuna rashin amincewa. A 1990 aka gyara dokar, aka yarda a ba irin waɗannan ɗalibai tallafi bisa buƙata.

A 1992 aka amince da Ƙuduri na 16 wanda ya kai darussan tushe 13, ya kuma kawo ma'auni mai sauka da hawa daga 1996, ta yadda mai babban maki a sakandare zai iya wucewa da ƙaramin maki a jarrabawa. A 1993 aka kafa cibiyar tantance takardu guda ɗaya a jihar Iowa, abin da ya ƙwace ikon tantancewa daga hannun kowace jami'a. A 1997 wasu ɗalibai baƙar fata daga Philadelphia, cikinsu har da Tai Kwan Cureton, suka kai NCAA ƙara. A watan Maris na 1999 alƙali Ronald Buckwalter ya yanke hukuncin cewa sharaɗin jarrabawar yana cutar da baƙar fata fiye da kima. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Disamba na wannan shekara, bisa dalilin cewa dokar da aka dogara da ita ba ta hau kan NCAA ba, ba tare da ta wanke sharaɗin kansa ba.

2.5 Daga 2003 zuwa Yau

Duk da nasarar da ta samu a kotu, a 2003 NCAA ta cire mafi ƙarancin makin jarrabawa, ta mayar da nauyi kan darussan sakandare. A rukuni na ɗaya darussan tushe sun kai 16 a 2008: huɗu na Turanci, uku na lissafi, biyu na kimiyya, ƙarin ɗaya daga cikin waɗannan, biyu na ilimin zamantakewa, da wasu huɗu. Daga 2016 aka ɗaga matsakaicin maki zuwa 2.3, aka kuma wajabta gama 10 daga cikin 16 kafin shiga ajin ƙarshe. An jingine sharaɗin SAT da ACT a 2020 saboda annobar korona, sa'an nan aka soke shi baki ɗaya a watan Janairu na 2023. Cibiyar tantancewa, wadda ta koma hannun NCAA a birnin Indianapolis a 2007, tana duba takardun ɗalibai daga ƙasashen waje ma. Ɗan Nijeriya da yake son bin sawun Hakeem Olajuwon, wanda ya tafi jami'ar Houston daga Legas a 1980, sai an auna sakamakonsa na sakandare da wannan ma'auni.

Ta fuskar zawarci, an raba shekara zuwa lokutan da koci zai iya ganawa da ɗalibi, da waɗanda kallon wasansa kawai zai yi, da waɗanda aka haramta haɗuwa ido da ido. Hukunci mafi tsanani da aka yanke a kan biyan 'yan wasa a ɓoye shi ne hana jami'ar Southern Methodist buga ƙwallon ƙafa a kakar 1987. Amma wannan katanga ta rushe daga baya. A watan Yuni na 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Alston ba tare da saɓani ba a kan NCAA, daga 1 ga Yuli kuma aka yarda ɗan wasa ya sami kuɗi da sunansa da hotonsa. An soke takardar alkawari ta ƙasa a rukuni na ɗaya a watan Oktoba na 2024. A watan Yuni na 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House, wanda ya ba kowace jami'ar da ta shiga tsarin damar raba wa 'yan wasanta kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko.

2.6 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa kusan kowace doka ta biyo bayan wata ɓarna ce da ta riga ta auku, kuma ikon tantancewa ya tashi daga hannun ɗalibai zuwa jami'o'i, daga nan zuwa NCAA, a ƙarshe kotuna suka shigo ciki. Haka kuma sharaɗin karatu ya yi ta hawa daga darussa 11 zuwa 16, yayin da sharaɗin hana karɓar kuɗi ya yi ta sassautowa. Matsalar da Johnson da Stone suka nuna a 1983 ba ta gushe ba, domin yaron da makarantarsa ba ta koyar da darussan tushe yadda ya kamata yana iya rasa cancanta tun kafin ya san da sharuɗɗan. A babi na gaba za a yi nazarin tasirin waɗannan sharuɗɗa a kan yawan 'yan wasan da suke kammala digiri.