Yi wa waya rutin: Amfaninsa da haɗarinsa ga mai hulɗar kuɗi ta waya

Tun bayan ƙarancin takardun Naira da aka yi fama da shi a farkon shekarar 2023, wayar salula ta zama lalitar ɗan kasuwa. Dillalin kifi a Haɗeja yana karɓar kuɗin kayan da ya ɗora wa mota zuwa Kudu ta waya, haka mai sayen shinkafa a Auyo da ma'aikacin da ke jiran albashi. Sai dai yawancin wayoyin masu sauƙin kuɗi ne, ma'adanarsu kan cika da wuri, kuma idan aka kai su shagon gyara wani lokaci akan ba da shawarar a yi musu rutin. Kafin mutum ya amince, ya kamata ya san abin da zai samu da abin da zai rasa.

Mene ne rutin?

Kalmar ta fito daga Turanci, inda asalinta ke nufin saiwa. An gina Android a kan tsarin Linux, wanda a cikinsa akwai asusu guda mai cikakken iko a kan kowane fayil. Kamfanoni kan rufe wannan asusu kafin su fitar da waya, su kuma killace kowace manhaja a ɗakinta don kada ta leƙa bayanan wata. Rutin shi ne buɗe wannan iko ga mai waya.

A da akan yi shi da manhajoji irin su KingRoot da taɓawa ɗaya. Amma daga Android 7 na shekarar 2016, waya kan binciki lafiyar tsarinta duk lokacin da aka kunna ta, don haka yanzu sai an fara buɗe makullin manhajar da ke tayar da ita, sannan a sanya Magisk, wadda John Wu ya ƙirƙira. Buɗe wannan makulli yana goge duk abin da ke cikin wayar.

Amfanin da ake samu

Mai wayar da aka yi wa rutin yana iya cire manhajojin da kamfani ya cusa waɗanda ba sa goguwa, ya toshe tallace-tallacen da ke cinye data, ya kuma sarrafa yadda waya ke shan caji. Buɗe makullin kan ba da damar ɗora wani tsarin kamar LineageOS a kan tsohuwar wayar da kamfaninta ya daina sabuntawa, idan an yi wa samfurinta. Ga ɗalibin kwamfuta ko mai koyon gyara, wannan makaranta ce mai kyau.

Haɗarin da ke tattare da shi

Babban haɗari shi ne rushewar katangar da ke tsakanin manhajoji. Duk manhajar da aka ba cikakken iko tana iya karanta saƙonnin banki da lambobin tabbatarwa da ake turowa, ta kuma ɓoye kanta. A shekarar 2016 kamfanin tsaro na Check Point ya bankaɗo muguwar manhajar Gooligan, wadda ke yi wa waya rutin a ɓoye, ta kuma kutsa asusun Google sama da miliyan ɗaya.

Na biyu, manhajojin bankuna da dama kan ƙi buɗewa idan suka gano an taɓa tsarin waya, domin Google ya tanadar musu hanyar bincike mai suna Play Integrity. Akwai dabarun ɓoye rutin, amma sukan daina aiki idan aka sabunta binciken, kuma hakan na iya faruwa a tsakiyar ciniki.

Na uku shi ne garanti. Kamfanoni da yawa ba sa gyara irin wannan waya kyauta. A wayoyin Samsung, tsarin tsaro na Knox yana barin alamar da ba ta goguwa, ko da an mayar da waya yadda take. Huawei kuwa ya daina bayar da lambar buɗe makulli tun 2018. Haka nan kuskure ɗaya wajen fulashin kan sa waya ta ƙi tashi, kuma idan ta gagari masu gyara a Haɗeja, sai a nufi kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ga kuɗin mota ga asarar yini.

Wa ya dace ya yi?

Wanda wayarsa ke ɗauke da manhajar banki, da layin da aka haɗa da BVN da NIN, ko takardun ofis, ribar da zai samu ba ta kai kasadar ba. Yawancin abin da yake nema ana samun sa ba tare da rutin ba: ana iya dakatar da manhajojin kamfani daga saitin waya, a koma amfani da ƙananan manhajoji irin su Facebook Lite, a kwashe hotuna da bidiyon WhatsApp zuwa memori.

Mai sha'awar gwaji ya yi a kan tsohuwar wayar da babu layin banki a cikinta, bayan ya adana bayanansa a wani wuri. Mai sayen wayar hannu kuma ya kashe ta ya kunna a gaban mai sayarwa. Idan gargaɗi ya bayyana cewa an buɗe makullinta, ko manhajar banki ta ƙi aiki, to mai yiwuwa an taɓa tsarinta, kuma gara ya nemi wata kafin ya biya kuɗi.