Motar da ba a ɗauka ba, haɗa ta aka yi

Mu Hausawa muna cewa "ɗaukar hoto", sai ka ce abu ne a ajiye ka zo ka ɗauka. Da Faransanci ma hakan ake faɗi. Ni da nake karatun harshe, wannan fi'ili na damuna duk sa'ad da na ga hoton tallar mota, don ba a ɗauke shi ba, harhaɗa shi aka yi. Kuma dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Tun 1857 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, ya ga in sama ta fito da kyau a hoto sai teku ya yi duhu, in teku ya fito sai sama ta wanke fari fat. Sai ya ɗauki kowanne daban, ya haɗa su kan takarda guda.

Mota kuwa ta fi teku rigima, don jikinta madubi ne. Haska ta kai tsaye da fitila, ɗigon haske mai kashe ido za ka samu, saura duhu. Shi ya sa masu talla a Amurka suka daɗe suna dogara ga masu zane. Daga 1959 zuwa 1971 Art Fitzpatrick ke zana motocin Pontiac, yana ƙara musu faɗi da gangan, Van Kaufman na zana mutane da wurin da ke bayansu. Hannu biyu, hoto guda.

Masu kyamara na birnin Detroit, irin su Jimmy Northmore da Mickey McGuire na Boulevard Photographic, sun bi wata hanya a shekarun 1950. Maimakon haska motar, sai a kafa rumfar farin ƙyalle a kanta, a haska ƙyallen, jikin motar ya nuno shi. Wancan dogon layin haske da ke bin ƙofa har bayan mota, wanda muke zaton kyan fenti ne, ƙyalle ne kawai, ƴan uwa. A ganina duk tarihin nan babu dabarar da ta kai wannan.

Photoshop ya fito a 1990, a 1994 aka ƙara masa damar ɗora hoto kan hoto. Yanzu kyamara na kafe kan ƙafafunta uku ba ta motsi, mai hoto na zagaye motar cikin duhu da doguwar fitila: wannan na taya, wannan na ƙofa, wannan na gilashin gaba. Daga kowanne a yanko inda ya fi kyau. Haske irin wannan babu idon da ya taɓa ganinsa kan motar lokaci guda, kuma inda fitila ba ta bi ba, lotsawa na iya ɓuya. Ku tuna da haka in an turo muku hoton motar Kwatano ta WhatsApp.

A 2016 kamfanin The Mill ya fito da Blackbird, ƙashin mota mai taya huɗu da ake ƙara wa tsawo ko a rage. Shi ake tuƙawa a ɗauka, daga baya kwamfuta ta sa masa jikin motar da ake talla.