Kasuwar Kurmi da Amanar Ciniki

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma a ganina amana ce ta raya ta. Fatake daga Gwanja da Gadamus kan damƙa wa dillali kayansu, shi kuwa ya sayar, ya ɗauki la'adarsa kawai. Littafin Risala da muka karanta a zaure ya hana algus da ɓoye aibin kaya, ya kuma hana shiga cinikin wani bayan sun kusa daidaitawa. Tayi halal ne. In bai kai ba, mai kaya ya ce "albarka", ba sai ya rantse da ƙarya ba. 'Yan'uwa, ranar da aka tauye mudu, baƙo ya sauya hanya ke nan. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.