Zancen Zuci da Kyamara: Inda Shirin Game of Thrones Ya Rabu da Littattafan Martin

Tun daga daren 19 ga Mayun 2019, lokacin da tashar HBO ta Amurka ta nuna kashi na 73 kuma na ƙarshe na shirin Game of Thrones, bayani ɗaya ya zauna a bakin jama'a game da dalilin da ya sa shirin da ya fara da ƙarfi ya ƙare da rauni. Cewa ake yi littafi ne ya ƙare wa masu shiryawa. George R. R. Martin ya fitar da littafi na farko na jerin A Song of Ice and Fire a 1996, na biyu a 1998, na uku a 2000, na huɗu a 2005, na biyar kuma a Yulin 2011, watanni kaɗan bayan fara nuna shirin. Na shida bai fito ba har aka gama, don haka David Benioff da D. B. Weiss suka ƙarasa labarin da basirarsu da ɗan abin da marubucin ya tsegunta musu. Bayanin yana da ƙamshin gaskiya, amma bai isa ba. Abin da nake son kafawa shi ne cewa ɓarakar ta faro tun littattafan suna hannu, kuma tushenta yana cikin yadda shirin ya yi da zancen zuci, wanda shi ne ginshiƙin zubin Martin.

Kowane babi a waɗannan littattafai yana ɗauke da sunan tauraro guda, kuma mai karatu ba ya ganin komai sai abin da wannan tauraron ya gani, ba ya sanin komai sai abin da ya sani ko ya zata. A littafi na farko, in aka cire gabatarwa, mutum takwas ne ke da wannan dama: Eddard Stark da matarsa Catelyn, 'ya'yansu Sansa da Arya da Bran, sai Jon Snow da Tyrion Lannister da Daenerys Targaryen. Wannan tsari ya fi ƙarfin ado na salo, domin da shi ne Martin yake sarrafa hukuncin mai karatu. Jaime Lannister, wanda ya turo ƙaramin yaro daga tagar hasumiya, littattafai biyu cur muna ganinsa da idon maƙiyansa. Sai a na uku aka buɗe mana zuciyarsa, muka tarar da mutumin da ya kashe sarkin da ya rantse zai kare don kada sarkin ya ƙone birni da mutanen cikinsa, kuma ya rayu da sunan mai cin amana bai taɓa faɗa wa kowa dalili ba. Robb Stark kuwa, duk da sarautar Arewa da aka naɗa shi, ba shi da babi ko ɗaya. Yaƙe-yaƙensa labarinsu ake kawowa, mutuwarsa a wurin biki kuma ta idon mahaifiyarsa muka gan ta.

Kyamara ba ta shiga zuciya. Tana tsaye a waje, tana ganin fuska da motsi, tana jin abin da baki ya furta. Masu shirin sun ƙi amfani da muryar mai ba da labari, kuma sun kauce wa komawa baya a lokaci har zuwa farkon zango na biyar. Saboda haka dole suka nemi wata hanya ta fito da abin da ke ciki, kuma a zangunan farko sun same ta: su zaunar da mutum biyu a ɗaki su bar su su yi magana. Hirar Sarki Robert da matarsa Cersei a zango na farko, inda suka dubi auren da ya riƙe masarauta alhali babu ƙauna a cikinsa, ba ta cikin littafi, ba ma za ta yiwu a can ba, tunda babu ɗayansu da ke da babi a lokacin. Haka zaman Arya da Tywin Lannister a Harrenhal a zango na biyu: a littafi Roose Bolton take yi wa hidima, amma sauyin ya ba mai kallo damar sanin Tywin ta wata fuskar da shafi bai bayar ba. Inda kuma Martin da kansa ya sa sirri a bakin tauraro, kamar ikirarin Jaime ga Brienne a wurin wanka, shirin ya ɗauke shi kusan yadda yake, ya kuma fito da kyau. Wannan ya nuna cewa bin littafi sau da ƙafa ba shi ne ma'aunin nagarta ba. Shirin ya yi fice a wuraren da ya ƙirƙiri sabon abu don ya biya bashin da rashin zancen zuci ya jawo masa.

Matsalar tana bayyana a inda aka yanke abin da ke ciki ba a maye gurbinsa da komai ba, kuma misalin da ya fi kowane ƙarfi shi ne na Tysha. Tyrion yana yaro ya auri wata 'yar talaka mai wannan suna a ɓoye. Mahaifinsa ya sa Jaime ya ce masa karuwa ce aka ɗauko da kuɗi, sannan ya miƙa ta ga dakarunsa suka ci mutuncinta a gaban idon yaron. Shirin ya ba da wannan labari a zango na farko. A ƙarshen littafi na uku, daren da Jaime ya kuɓutar da ƙanensa daga kurkuku, ya furta masa cewa ƙarya aka yi masa: yarinyar ba karuwa ba ce, da gaske take sonsa. Wannan furuci ne ya kai Tyrion ɗakin mahaifinsa ya harbe shi, shi ne ya raba shi da ɗan'uwansa cikin ƙiyayya, shi ne kuma ya mayar da shi mashayi mai ɗacin rai da burin ramuwa a littafi na biyar. A ƙarshen zango na huɗu, wanda aka nuna a 2014, an cire furucin gaba ɗaya. 'Yan'uwan sun rabu da runguma, kisan ya rataya a kan cin amanar Shae, masoyiyar Tyrion, kawai, kuma daga nan Tyrion ya zama mashawarci mai kirki wanda babu wata wuta da ke cinsa a ciki. A nan littafi bai ƙare wa kowa ba. Yana hannunsu, suka zaɓi su sassauta tauraron da masu kallo suka fi so.

Irin wannan sassautawa ta taɓa Robb ma. A littafi ya auri Jeyne Westerling ne bayan ya kwana da ita yana jinyar rauni, cikin baƙin cikin labarin kisan ƙannensa, ya ga cewa mutuncinta ya fi alkawarin auren da ya yi wa gidan Frey. Wato tarbiyyar mahaifinsa ce ta kashe shi, kamar yadda ta kashe mahaifin. Shirin ya ƙirƙiro Talisa ya mayar da abin soyayya tsantsa. Labarin ya fi sauƙin bi, bikin kisan ya fi tayar da hankali da aka soke ta tana da juna biyu, amma jigon da ya ɗaure uba da ɗa ya warware.

Za a iya cewa talabijin yana da nasa harshen, kuma fuskar ƙwararren ɗan wasa tana iya faɗin abin da shafi goma suka faɗa. Wannan gaskiya ne, kuma duk wanda ya kalli Lena Headey, mai fitowa a matsayin Cersei, tana tsaye a taga tana kallon rushewar babban wurin ibada na King's Landing a ƙarshen zango na shida, da kiɗan Ramin Djawadi yana hawa a hankali, ya san cewa akwai abin da allo ke yi wanda takarda ba ta yi. Harin Hardhome ma, wanda a littafi ta wasiƙa kawai ake jin halin da wurin yake ciki, ya zama ɗaya daga cikin mafi kyawun sa'o'in shirin. Amma fuska tana nuna yanayi ne, ba ta nuna yadda mutum ya yi ta gardama da kansa har ya isa ga shawara. A littafi na biyar Daenerys tana da babi goma, yawancinsu a birnin Meereen, tana ta sadaukar da abin da ta yi imani da shi don zaman lafiya: ta ɗaure dodanninta biyu bayan ɗaya ya kashe yarinya, ta auri mutumin da ba ta so, ta yarda a sake buɗe filayen da ake kashe juna don nishaɗi. Mai karatu yana jin yadda haƙurinta ke ƙarewa, har babinta na ƙarshe inda take yawo ita kaɗai a cikin ciyawa tana karkata ga wuta da jinin gidansu. Shirin ya nuna da yawa daga cikin waɗannan abubuwa a matsayin aukuwa, amma bai nuna nauyinsu a ranta ba. Da ta ƙone King's Landing bayan birnin ya miƙa wuya, a kashi na biyar na zango na takwas, Emilia Clarke, mai fitowa a matsayinta, aka bar wa aikin ta bayyana juyin da fuskarta cikin 'yan daƙiƙoƙi, daga nan kyamara ta sauka ƙasa ba ta koma kanta ba. Ba ƙonewar ce ta saɓa wa labarin ba, domin an daɗe ana shuka irinta. Hanyar zuwa gare ta ce aka tsallake.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi, kuma ba na jin za a iya ture shi gaba ɗaya. Tsarin da nake yabo shi ne ya sarƙe marubucin da kansa. Martin ya yi aikin talabijin a shekarun 1980, a shirye-shirye irin su The Twilight Zone da Beauty and the Beast, ya koma rubutun littafi yana son ya yi abin da kasafin kuɗi ba zai taƙaita ba. Sakamakon haka taurari masu babi suka yi ta ƙaruwa, har littafi na huɗu da na biyar suka rabu bisa yanki maimakon lokaci, kuma labarin ya bazu zuwa Dorne da Tsibiran Ƙarfe da wani saurayi da ake cewa shi ne Aegon Targaryen. Masu shirin suna da 'yan wasa da ke girma, da ma'aikata a Ireland ta Arewa da Kuroshiya da Sifaniya, ba su da damar jira. Yanke Arianne Martell ta Dorne ko Aegon ko dawowar Catelyn daga mutuwa abu ne da za a iya karewa. Sai dai rage yawan mutane daban, rage zurfin waɗanda suka rage daban. Zango shida na farko kowanne kashi goma ne, na bakwai ya zama bakwai, na takwas shida, kuma lokacin da ya saura ya tafi ga manyan yaƙe-yaƙe. Hirar mutum biyu a ɗaki, wadda ita ce mafi arha a duk abin da shirin ke yi, ita aka fi ragewa a daidai lokacin da kuɗi ya fi yawa. Kashi na biyu na zango na takwas, daren da taurarin suka kwana suna hira kafin yaƙin Winterfell, ya nuna cewa gwanintar tana nan, ba a dai ba ta fili ba.

Yawan masu kallo ma ba ya warware gardamar. Kashi na ƙarshe ya tara mutum miliyan 19.3 a Amurka a daren farko, adadin da HBO ba ta taɓa samu ba, amma waɗannan mutane sun zo ne don taurarin da zangunan farko suka gina musu. Jaime ya isa misali. A ƙarshen littafi na huɗu Cersei, 'yar'uwarsa kuma masoyiyarsa, ta aiko masa da wasiƙa tana neman ceto, ya sa aka jefa ta wuta, kuma mai karatu ya san kowane mataki da ya kai shi nan domin ya bi shi babi bayan babi. A shirin ya bar Brienne ya koma ya mutu tare da Cersei a ƙarƙashin ɓaraguzan fada. Mai yiwuwa ne mutum ya koma ga abin da ya lalata shi, kuma marubuci zai iya sa mu yarda da hakan. Shirin ya ba wannan shawara gajeriyar magana guda a tsakar gida da dare, sa'annan a kashi na gaba ya sa mutumin da ya zubar da sunansa don ceton mutanen King's Landing ya ce bai taɓa damuwa da su ba.