Jari na Ubangida, Wahala ta Yaro: Rabon Riba Tun Zamanin Fataucin Gwanja

A ƙarni na 19, idan damina ta ɗauke, ayarin fatake yakan tashi daga ƙasar Kano da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi, ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja don sayo goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka fi shahara a wannan hanya. Sai dai ba duk mai kora jaki ne mai kayan ba. Da yawa jarin wani attajiri suke juyawa, shi kuwa yana gida yana jiran dawowarsu bayan watanni.

Ƙa'idar rabon ba a kasuwa aka ƙirƙiro ta ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Risalar Ibn Abi Zaid, waɗanda ake karantawa a zaurukan malamai, sun yi bayaninta filla-filla. Jari ya zama tsabar kuɗi. A yanka kason kowa tun kafin a ɗaura kaya, rabi ko sulusi, ba wani adadi tsayayye ba. In goro ya ruɓe ko 'yan fashi suka tare hanya ba da sakacin yaro ba, asarar dukiya ta ubangida ce, yaro kuma ya tashi a tutar babu. Guzurinsa na tafiya daga cikin jarin yake fita.

Haraji kuwa kan kaya da ƙasa da sana'a yake sauka, ba kan riba ba. Madugu ne ke cinikin kuɗin fito a mashigar Kwara, shi ke kai gaisuwa ga sarakunan Bargu, fatake su yi karo-karo gwargwadon kayansu. A ƙasar Kano kuwa, matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya zo birnin a 1851, ya rubuta cewa magidanci na biyan wuri 2,500 kuɗin ƙasa, kowace rijiyar rini kuma wuri 700. Zakka ce kaɗai ke leƙa cikin dukiyar ciniki, ɗaya bisa arba'in bayan shekara ta zagayo.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tsarin ya koma kan gyaɗa. Alhassan Ɗantata, wanda da goro ya fara, ya riƙa raba wa yaransa kuɗi su bazu ƙauyuka suna awo. Ta fannin haraji kuwa, harajin kai da jangali suka ci gaba har 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Kano.

Yau lissafin ya juya. Dokar harajin kuɗin shiga ta Najeriya tana bin kowane abokin haɗaka da kason ribarsa, ya biya hukumar jihar da yake zaune. Tela mai raba riba da mai tallata masa ɗinki a WhatsApp yana kan tsohuwar turba, bankin Jaiz ma da ita yake aiki da sunan mudaraba. Bambancin shi ne jami'in haraji ba ya karɓar shaidar baki, sai rasit da takardar yarjejeniya da ke nuna kason kowa.