Unguwar Tonawa a tsakiyar teku: shekara 24 na iyalin Prempeh a Seshel

Ran 11 ga Satumba 1900 wani jirgin ruwa ya tsaya a tashar Victoria da ke tsibirin Mahe, mafi girma a tsibiran Seshel, ya sauke baƙi hamsin da 'yan kai. Akwai tsofaffi a cikinsu, da mata, da yara, da barori masu ɗauke da kaya. Jagoransu bai wuce shekara talatin ba. Shi ne Agyeman Prempeh na Ɗaya, Sarkin Asante, mutanen da fataken goro na ƙasar Hausa suka daɗe suna kira Tonawa. Tare da shi akwai mahaifiyarsa Yaa Akyaa, wadda ita ce uwar masarauta, da mahaifinsa Kwasi Gyambibi, da ɗan'uwansa Agyeman Badu, da matansa, da sarakunan Mampon da Ofinso da Edweso, da wasu manyan fadawan Kumasi.

Shekara huɗu ke nan rabonsu da gida. A watan Janairun 1896 rundunar Ingila, wadda a cikinta akwai sojojin da ake kira Hausa, ta shiga Kumasi ba tare da an yi yaƙi ba, don Prempeh ya hana mutanensa ɗaukar makami. Gwamna Maxwell ya sa shi da mahaifiyarsa suka durƙusa gabansa a bainar jama'a, sannan ya nemi a biya oza 50,000 na zinariya, bashin da Turawa suka ɗora wa Asante tun yaƙin 1874. Sarkin ya ce oza 680 zai iya kawowa nan take. Aka kama shi. An fara tsare su a ganuwar Elmina, daga baya aka kai su Freetown a Saliyo, amma ko can ɗin talakawansa ba su fasa tattaki suna kai gaisuwa da labarin gida ba. Da yaƙi ya ɓarke a 1900 kan Kujerar Zinariya, sai hukuma ta nemi wurin da ƙafa ba ta zuwa. Seshel na Tekun Indiya, kimanin kilomita 1,600 daga gabar Afirka ta Gabas. A ƙasar Hausa Lokoja ta ishi Turawa wajen ajiye sarakunan da suka tuɓe, irin su Sarkin Kano Alu. Na Asante kuwa sai da aka sa faɗin nahiya guda da teku tsakaninsa da jama'arsa.

Gwamnati ta yi hayar wata tsohuwar gona a Le Rocher, kudu da Victoria kaɗan, daga hannun wani mai ƙasa. Akwai gidan bene a ciki, aka ba sarki, sauran sarakuna kuma aka gina musu gidajen katako a kewaye. Mutanen tsibirin suka raɗa wa wurin suna Sansanin Asante. Ba kurkuku ba ne irin wanda aka saba ji: babu sarƙa, babu doguwar katanga, kuma da tafiya ta yi tafiya mazauna wurin sun riƙa shiga gari suna dawowa. Hukuma ba ta da bukatar katanga, tun da tsawon Mahe gaba ɗaya bai kai kilomita talatin ba, duwatsu a tsakiya, ruwa ta kowace fuska.

Wani abin bai zama musu baƙo ba. Asante ƙasar kurmi ce mai yawan ruwan sama, Mahe ma haka, kuma agade da rogo, waɗanda ake kirɓa sakwara da su, suna yi a can. Amma Kumasi gari ne na cikin ƙasa, nesa da gaɓa, ga su yanzu a inda kifin teku da shinkafar da jirgi ke kawowa da kwakwa su ne abincin yau da kullum. Lissafin shekara ma ya juye. Disamba da Janairu, watannin da hunturu ke busar da ganye a Kumasi, su ne na ruwa kamar da bakin ƙwarya a Mahe. Mutanen da suka tarar, waɗanda duka-duka ba su kai dubu ashirin ba, jikokin Faransawa ne da na bayin da aka kawo daga Afirka da Madagaska, da waɗanda jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi suka sauke a nan. Harshensu Kiriyol ne, wanda ya tsiro daga Faransanci, kuma mafi yawansu 'yan Katolika ne. Baƙin suka kama noma a filin da aka ba su. Sarkin da kansa ya shiga noman abin sayarwa irin na tsibirin, wato roba da banila, wani tsiro mai ƙanshi da ake fitarwa Turai.

Abin da ya fi sauya zaman shi ne kuɗi. A Kumasi dukiya zuwa take wajen sarki ta hanyar haraji da tara da gadon manya da cinikin zinariya da goro, shi kuma ya raba, kuma da wannan rabon ake gane wane ne babba. A Le Rocher kowane basarake alawus yake karɓa daga hukuma gwargwadon matsayinsa. Mutumin da a da kalmarsa ke tayar da runduna ya koma mai jiran ƙarshen wata, in kuɗin bai isa ba ya sa a rubuta wa gwamna takarda. Duk da haka unguwar ba ta watse ta zama taron masu karɓar alawus ba. Prempeh ya ci gaba da zama uban kowa, shi ke sasanta rigima, ta bakinsa ake magana da hukuma. Fada ce sosai, illa dai ba ta da talakawa.

A 1901 aka ƙaro musu mutane. Turawa sun murƙushe tawayen 1900, suka turo jagororinsa, ciki har da Yaa Asantewaa, uwar masarautar Edweso, tsohuwar da ta zaburar da maza suka yi wa ganuwar Turawa da ke Kumasi ƙawanya. Sarkin Edweso da aka kama tun 1896 jininta ne, a nan suka sake haɗuwa. Daga bakin waɗannan ne mazauna sansanin suka ji dalla-dalla yadda aka ci ƙasarsu, da kuma abu ɗaya mai sanyaya zuciya, cewa Kujerar Zinariya ba ta shiga hannun Bature ba.

Sai batun yara. An zo da wasu, an haifi da yawa a can, kuma Prempeh ya yanke shawara da wuri cewa za su yi karatun boko. Shi ma ya zauna ya koyi karatu da rubutu da Ingilishi, da taimakon tafintansu Timothy Korsah, mutumin Fante. 'Ya'yan sansanin suka shiga makarantun Victoria, suka tashi da Kiriyol a bakinsu kamar kowane ɗan tsibirin, ga Ingilishi a aji, harshen Twi kuwa sai in an dawo gida gaban kakanni. Da samarin suka girma wasu suka nemi 'yan matan gari. Ga Tonawa wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin su ta wajen uwa ake bin dangi da gado da sarauta. Ɗan da uwarsa 'yar Seshel ce, ko da jikan sarki ne, ba shi da dangin uwa a Asante da zai jingina da su. Wannan tambaya ta bi wasu daga cikinsu har ranar komawa.

Addini ma ya shigo ta ƙofar gida. A 1904 aka yi wa Prempeh baftisma a cocin Angilika, ya ɗauki sunan Edward, mahaifiyarsa ta ɗauki Victoria, wato sunan Sarkin Ingila na lokacin da na mahaifiyarsa. Masana tarihi sun daɗe suna ja-in-ja kan ko imani ne ko dabara. Mai yiwuwa duka biyun ne, don mutum na iya shiga abu da lissafi ya ƙare da gaskatawa, kuma bayan ya koma gida bai bar cocin ba har ya mutu. Amma shigar ta zo da farashi a cikin gidansa. Cocin ba ta yarda ta tabbatar da mai mata fiye da ɗaya a matsayin cikakken ɗanta ba, saboda haka sai a 1920, bayan ya zaɓi mace guda, aka tabbatar da shi. Shekara goma sha shida ya yi yana jan wannan magana, abin da ke nuna ba da sauƙi ya yanke ta ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa, John, an tura shi tsibirin Morishus ya yi karatun zama limamin coci.

Wanda ya tsaya nan zai ce Turawa sun sami abin da suke so: sarki cikin kwat, yana zuwa coci ran Lahadi, 'ya'yansa na Turanci. Amma a 1907, a cikin gidan benen nan, aka fara wani aiki da ya nuna akasin haka. A al'adar Asante uwar masarauta ce ma'ajiyar asali. Ita ta san wace ta haifi wa, wane ɗaki ne ke da haƙƙin kujera, ita ce kuma ke gabatar da wanda za a naɗa. Yaa Akyaa ta tsufa, kuma duk wannan sani a kanta yake, a tsibirin da babu makaɗan fada ko maroƙan da za su karɓa daga gare ta. Sai iyalin suka zauna. Tsohuwa da sauran dattawa suna faɗa, sarki yana tsarawa yana shifta, ɗansa Frederick, ɗan makaranta, yana rubutawa da Ingilishi. Abin da ya fito shi ne tarihin sarakunan Asante da na ƙasar baki ɗaya, tun daga labaran mafari, tare da dogayen jerin zuriyar gidan sarauta. Karatun bokon da aka yi zaton zai raba jika da kakarsa shi ne ya zama hanyar ajiye abin da ke kanta. Rubutun ya daɗe a ajiye kafin wasu masana, ciki har da Adu Boahen da Ivor Wilks, su buga shi a 2003, kuma yana cikin tsofaffin tarihin da wani sarkin Afirka ya tsara wa ƙasarsa da kansa.

Sun yi gaggawar da ta dace, domin mutuwa ta riga ta fara zagawa. Mahaifin sarki ya rasu a 1903. Sarakunan da aka zo da su suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, Yaa Akyaa ta bi su a 1917, Yaa Asantewaa kuma a watan Oktoban 1921. A Asante jana'izar babban mutum al'amari ne na gari duka, kuma a kowane zagaye na kwana 42 akwai ranakun Adae da sarki ke shiga ɗakin kujerun kakanni ya kai musu abinci da abin sha. A Mahe babu kujerun, babu makwancin sarakuna na Bantama, wanda ma Turawa suka rushe tun 1896. An binne su a ƙasar baƙunta. Akwai kuma wani tsari mai ɗaci: in basarake ya rasu, hukuma kan ba iyalinsa da barorinsa damar komawa gida, tun da ba su ake tsarewa ba. Ga mata da yara da yawa, rasuwar maigida ce ta buɗe musu hanyar Kumasi.

Ba su kaɗai ne irinsu a tsibirin ba. Mwanga na Buganda ya mutu a can a 1903. Kabalega na Bunyoro ya yi fiye da shekara ashirin, aka sake shi a 1923, ya cika a Jinja kafin ya kai gida. Sa'ad Zaglul na Masar ma ya ɗan zauna a 1922. Prempeh yana ganin masu zuwa da masu tafiya, yana ta aika takardun koke, yana nuna ya zama mai biyayya, mai ilimi, Kirista, ba abin tsoro ba. A gida kuma ƙungiyar Asante Kotoko, wadda 'yan boko suka kafa a 1916, da sarakuna da coci-coci suka riƙa matsa wa gwamnati. Rikicin da ya tashi a 1921, lokacin da aka gano wasu sun sace kayan adon Kujerar Zinariya daga maɓoyarta, ya koya wa hukuma cewa mulkin Asante ba tare da abin da Tonawa ke girmamawa ba wahala ce kawai. Gwamna Guggisberg ya amince a dawo da shi, bisa sharaɗin zai zauna a matsayin mutum kamar kowa.

Sun bar Mahe a watan Satumban 1924, su kusan hamsin, da yawansu haihuwar tsibirin ne da ba su taɓa ganin Kumasi ba.  Ran 12 ga Nuwamba jama'a suka yi dafifi don taryar sarkin da aka fita da shi yana saurayi, sai ga dattijo cikin kwat da hular Turawa, wanda takardun gwamnati ke kira Mista Edward Prempeh. Wasu daga zuriyar sansanin sun zauna a Seshel tare da dangin uwayensu, kuma har yau akwai jininsu a can.

A 1926 Turawa suka naɗa shi Sarkin Kumasi kawai, ba na Asante duka ba. Cikin abubuwan da ya fi nacewa a kansu a 'yan shekarun da suka rage masa akwai maganar waɗanda ya baro a maƙabartar Mahe. A 1930 aka kawo ƙasusuwansu, har da na Yaa Asantewaa, aka binne kowa a garinsu. Shi kuma ya rasu a watan Mayun 1931, shekara huɗu kafin a maido da sarautar Asante ga magajinsa, Prempeh na Biyu.